Yadda Ake Shirya Mota Kafin A Ajiye Ta Na Tsawon Watanni

Shekarar da aiki ya kai ni kwas na wata 7, na bar motata a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Na ja birkin hannu, na kulle ƙofofi, na miƙa wa ƙanena makulli tare da wasiyyar ya riƙa tayar da ita kullum da safe. Tafiyar ta kama tun daga ƙarshen bazara har bayan kaka. Ranar da na dawo, ina buɗe ƙofa wani warin danshi ya tare ni. Kafet ɗin gefen fasinja a jiƙe yake sharkaf, fumfuna ta yi fari a jikin sitiyari da bel ɗin kujera. Da na ɗaga bonet sai na tarar da sheƙar ɓera a kan inji, an haɗa ta da ledar burodi da ɓawon gyaɗa da auduga, ga wayoyi biyu an gutsure su har tagullar ta fito. Da muka zo tura ta waje, tayar baya ɗaya ta ƙi juyawa, sai jan ƙasa take yi. Sati 2 ta yi a gareji kafin ta koma hanya, kuma yaron nan bai yi laifin komai ba, abin da na ce masa shi ya yi.

Daga nan na gane cewa mota ba ta hutawa don an ajiye ta. Zaman wuri ɗaya yana cin ta ta inda tafiya ba ta taɓawa. Kuma masu ajiye mota a wajenmu suna da yawa: alhazan da ke yin kwana 40 ko kusa da haka a ƙasa mai tsarki, ɗaliban da ke fita karatu, 'yan kasuwar da ke cin rani a Kudu, mutanen ƙauyen da hanyarsu ke yankewa duk damina, da kuma ɗimbin magidantan da suka jingine motocinsu suka koma babur tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Duk wanda ke cikin waɗannan, yini guda na shiri ya ishe shi, in ya bi abin daki-daki.

Fara da lissafin kwanaki da yanayi

Kafin ka taɓa sifana, zauna ka amsa tambaya biyu: wata nawa za ta zauna, kuma wane yanayi zai same ta a ajiye? Ajiyar da ba ta wuce sati 6 ba, kamar ta aikin Hajji, ba ta buƙatar komai sai wanki, da kula da batir, da iskar taya, da sakin birkin hannu. Daga wata 2 zuwa 6 sai an bi dukkan matakan da ke tafe. Abin da ya haura wata 6 kuwa, sai an sa bakanike a ciki, musamman kan maganar mai.

Yanayi ma kowanne da irin ɓarnarsa. Damina tsatsa ce da fumfuna da ɓera da ambaliya. Hunturu ƙura ce mai laushi kamar gari, wadda ke shiga ko'ina. Bazara kuwa, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, ita ce mai fasa dashbod, ta busar da roba, ta ƙafar da ruwan batir. Mafi yawan doguwar ajiya tana ratsa biyu daga cikinsu, saboda haka ka yi shirin mafi munin.

Wurin da za ta kwana

A nan na fi son a daɗe ana tunani, domin wurin ajiya shi ne rabin aikin. Mafi kyau shi ne gareji mai daɓen siminti da rufi, wanda iska ke ratsawa. In babu, rumfar kwano ma ta wadatar. Abin da ba na ba kowa shawara shi ne gindin bishiya, duk da cewa nan ne hankalin kowa ke fara zuwa saboda inuwa. Darbejiya tana zubar da 'ya'ya da ganye, mangwaro yana ɗigar da ƙaro, tsuntsaye da jemagu suna kashi, kuma kashin nan in ya kwana biyu a rana yana cin fenti har ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Ga iskar farkon damina da ke karya reshe. Ganyen da ke zuba kuma yana taruwa a ramin da ke ƙasan gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya, ya toshe magudanar ruwan wurin. Idan ta toshe, ruwan sama ba shi da hanya sai cikin mota. Abin da ya jiƙa min kafet ke nan.

Duba ƙasan wurin. Idan turɓaya ce, to da damina danshi zai riƙa tasowa yana lasar ƙarƙashin motar dare da rana, ciyawa ta tsiro ta rufe ta, ta zama mafakar ɓera da maciji. Share wurin, ka shimfiɗa leda mai kauri ko tsohon tampol, sannan ka ɗora faffaɗan katako inda kowace taya za ta taka. Kada ka ajiye ta kusa da rumbu, ko ɗakin ajiyar hatsi, ko bola, ko turken dabbobi. Hatsi yana kiran ɓera, awaki kuma ba abin da suke so kamar hawa bonet.

Sannan ka tambayi kanka inda ruwa ke bi idan an yi mamakon Agusta. Wurin da ka sani busasshe da rani yana iya zama kududdufi. Wanda ya ga hotunan Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau, ya ga motoci a tsaye ruwa ya kai musu rufi. Ba kullum ake irin wannan ba, amma ruwan da ya kai tsakiyar taya ma ya isa ya shiga birki da kafet. Idan gidanka a kwari yake, roƙi ɗan'uwa mai gida a tudu.

Wanki, ciki da waje

Wanke ta tas, har ƙarƙashi da cikin kumatun taya inda laka ke maƙalewa, domin busasshiyar laka tana riƙe danshi a jikin ƙarfe. Bari ta bushe sarai a rana, sannan a goga mata man fenti. Bayan wankin ka ɗan zagaya da ita kana taka birki, don ruwan da ya shiga birkin ya ƙafe. Kada ka wanke mota ka ajiye ta nan take.

Cikin motar ya fi wajen muhimmanci. Fitar da komai: ledar biskit, ƙwayar gyaɗar da ta faɗa tsakanin kujeru, dabino, goro, gorar ruwa, takardar tsire. Ƙwaya ɗaya ta isa ta gayyato baƙi. Cire turare da laita da duk wani gwangwanin feshi, zafi yana fasa su. Ɗaga kafet ka taɓa ƙarƙashinsa da hannu, ka buɗe but ka ɗaga tayar safaya ka leƙa raminta, sau da yawa ruwa yana kwance a wurin mai mota bai sani ba. Idan da danshi, buɗe ƙofofi ka bar ta a rana yini guda. Bayan nan sai ka zuba gawayi a roba biyu marasa murfi, ɗaya gaba ɗaya baya, yana taimakawa wajen shan wari da laima. Kujerun fata a shafa musu mansu, gilashin gaba kuma a sa masa kwali ko abin tare rana daga ciki.

Baƙin mai da ruwan lagireto

Mutane da yawa suna cewa ai asara ce a juye mai ga motar da ba za ta yi tafiya ba, gara in na dawo. Lissafin a juye yake. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da dattin ƙonewa da ɗan ruwa da sinadarai masu tsami. Muddin mota na tafiya, zafin inji yana ƙone ruwan. Idan ta tsaya, sai su kwanta a kan ƙarafunan cikin inji suna cin su a hankali. Saboda haka in ajiyar za ta kai wata 2, juye mai ka canza filta kafin ka ajiye, sannan ka yi tafiyar minti 20 don sabon man ya zagaya ko'ina.

Lagireto kuma, yawancinmu ruwan famfo ko na rijiya muke zubawa. Wannan ruwan idan ya zauna wata da watanni, tsatsa yake haifarwa, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ya ci famfon ruwa. Ka sa a zubar da shi a ɗauraye, a zuba ruwan lagireto na gaske, mai launin kore ko ja ko ruwan hoda, gwargwadon wanda aka rubuta wa motarka. Ba don sanyi kawai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a cikinsa. Duba man birki ma. Yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake so a canza shi duk bayan shekara 2. Idan naka ya yi baƙi, yanzu ne lokacinsa.

Maganar fetur

Fetur yana lalacewa. Bayan wata 3 zuwa 6, kuma zafi yana gaggauta abin, ɓangarensa mai saurin kamawa yana tashi, ragowar ya fara yin kauri kamar ƙaro, ya canza launi, warinsa ya koma na tsohon fenti. Wannan ƙaron shi ke toshe injekta da kafireta, ya kuma kama famfon mai da ke cikin tanki.

Idan ajiyar ba ta wuce wata 3 ko 4 ba, cika tanki da sabon mai daga gidan man da ka yarda da shi. Dalili shi ne, tankin da babu komai a ciki iska ce a ciki, iskar kuma tana da laima, da dare ta yi raɓa a bangon tankin ta gangara ƙasa. A tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe, tsatsa ke nan. Na san cika tanki a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne, amma man yana nan yana jiran ka, ba zubar da shi ka yi ba. Kada dai ka cika da man 'yan bumburutu, domin ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma za ka bar shi ya kwanta wata da watanni.

Idan za ta haura haka, akwai wani ruwa da ake sayarwa a manyan shagunan kayan mota, wanda ake zubawa a tanki don hana fetur lalacewa. A zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, a cika tanki, a yi tafiyar minti 10 zuwa 15 don ya kai har injekta. In ba ka same shi ba kuma tafiyar ta kusan shekara ce, to ka bar mai kaɗan, ka ƙudurta cewa ranar dawowa bakanike zai zuƙe tsohon kafin a murɗa makulli. Motar gas, wato dizal, ita kam a cika ta, domin ruwa a tankin dizal yana haifar da wani baƙin kauri mai toshe filta. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta tukunya, ya rufe bawul ɗin tukunyar.

Batir

Mota ko a kashe take tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan: agogo, rediyo, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, da ƙwaƙwalwar motar kanta. A mota mai lafiya abin bai wuce miliamfiya 50 ba, amma yi lissafi: tunda miliamfiya 1,000 ne amfiya 1, a awa 24 amfiya 1.2 ke nan, a wata 36. A batir mai amfiya 62, wannan ya tafi da fiye da rabinsa, ban da abin da yake zubarwa da kansa saboda zafi. Matsalar ba ta tsaya ga ƙin tashi ba. Batirin da ya daɗe a sauke, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa na ciki, kuma in ya daskare ko an yi caji ba ya komawa yadda yake.

Je wurin rewaya ya auna maka. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 ko sama kaɗan idan mota na kashe. In ya nuna ƙasa da 12.4, a yi masa caji tukuna. Idan mai murafu ne, a duba ruwansa, a ƙara ruwan batir, ba na famfo ba, ba kuma asid ba.

Sannan a cire kan batir. Amma dakata, kafin ka cire: ɗaga dukkan gilasai, ka tabbatar makullin ƙarfe yana buɗe ƙofar direba da hannu. Motoci da yawa sun shekara ana buɗe su da rimot, ramin makullin ya cije ba a sani ba. Idan ka cire batir ka rufe, ka kulle kanka a waje. Wasu rediyoyin kuma suna neman lambar sirri idan wuta ta dawo, nemo ta tun yanzu. To sai ka kashe mota, ka zare makulli, ka fara kwance kan da ke da alamar ragi, baƙin, da sifana lamba 10 a mafi yawan motoci. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, domin in ka fara da jan kuma sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi. Naɗe kan wayar da tsumma ka kawar da shi gefe, ka shafa ɗan giris a kawunan batirin.

Idan ajiyar ta wuce wata 2, gara ka ciro batirin ɗungurungum ka kai shi ɗaki mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, a riƙa kai shi caji duk bayan sati 5 ko 6. Mai sola a gida yana iya samun ƙaramar caja mai tsayawa da kanta idan batir ya cika. Motoci masu haɗa fetur da lantarki suna da nasu ƙa'idar, a bi littafin motar, kada a taɓa wayoyinsu masu launin lemo.

Taya da birki

Taya tana rage iska da kanta, kamar fam 1 zuwa 2 a wata. Idan ta daɗe a wuri ɗaya da nauyin mota a kanta, gefen da ya taka ƙasa yana shafewa, sai ka dawo ka ji sitiyari na rawa. Duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a nan aka rubuta iskar da motarka ke so, yawanci tsakanin 30 da 35. Ka ce wa mai faci ya ƙara 5 a kan wannan, amma kada ya kai iyakar da aka rubuta a gefen tayar. Ka tsaya a kansa ka ga ma'aunin da idonka. Tayar da rana ke duka a rufe ta da kwali ko buhu, rana ce ke sa gefenta tsattsagewa.

Ajiyar da ta haura wata 6, ana iya ɗaga motar a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na gareji ko gungumen katako mai ƙwari, a daidai wuraren da aka tanada don jak. Kada a ɗora ta a kan bulo, yana farfashewa ba gargaɗi, kada kuma a bar ta a kan jak shi kaɗai. A gidan da yara ke wasa, ni dai na fi son a bar ta a kan tayoyinta.

Birkin hannu kuwa, sake shi. Wannan shi ne abin da hannu ke yi da kansa ba tare da tunani ba, shi ya sa nake nanatawa. Idan ka bar shi a ja da damina, takalmin birki yana mannewa da ganga saboda tsatsa, wayarsa ma tana iya cijewa. Nemi wuri mai daidai, ka sa weji na katako gaba da bayan taya biyu. Mota mai canza giya da kanta a bar ta a P. Mai kuloci a sa ta a giya ɗaya, a kuma gaya wa duk wanda zai riƙe makulli cewa a giya take.

Ɓera da sauran baƙi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mota kuwa ƙofofinta a wajen ɓera sun fi goma. Yana son cikin inji saboda duhu da ɗumi, yana son akwatin filtar iska da bayan dashbod, kuma haƙoransa ba sa daina tsiro, shi ya sa yake gurgurar waya ko ba ya jin yunwa. Waya ɗaya da ya yanke a cikin damin wayoyi tana iya cin rewaya kwana 3 yana nema.

Toshe bakin salansa da sosan ƙarfe na wanke tukunya, ka ɗaure leda a kai. Toshe bakin da inji ke shaƙar iska da shi ma. Wannan yana hana ɓera, yana kuma hana zanzaro, wanda ke gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu. Kafin ka kashe motar a karo na ƙarshe, danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a ciki kawai, yana rufe ƙofar da iskar waje ke shigowa. Yanzu ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka toshe, ka manna ta a kan sitiyari. Bayan wata 5 ba za ka tuna ba.

Ana sa kafur a cikin tsohuwar safa a rataya a cikin bonet, warin yana ɗan korar su, amma yana gushewa, sai an riƙa sabuntawa. Kada ka sa shi a cikin ɗakin motar, warin yana kama kujeru. Shinkafar ɓera ba na son ta a wannan aikin: ɓeran yakan ci ya shige bayan dashbod ya mutu, ga haɗarin kaji da yara. Tarko a gindin tayoyi ya fi, sai kuma kyanwa idan gidan akwai. Abin da ya fi duka shi ne a riƙa share kewayen motar, a kuma ɗaga bonet lokaci-lokaci, domin ɓera ba ya son wurin da ake yawan taɓawa.

Rufewa

Ɗaga waifa ka sa ɗan tsumma tsakaninta da gilashi, don kada robar ta narke ta manne. Shafa man silikon, in ka samu, a robobin ƙofa. A garejin da yake rufe kuma amintacce, ana iya barin gilashi a sauke kamar kaurin fensir don iska, amma a sauke shi tun kafin a cire batir. A waje kuwa a rufe ruf.

Idan za ka lulluɓe ta, nemi rigar mota ta yadi wadda iska ke ratsawa. Tampol da leda suna tara gumi a ƙarƙashinsu da damina, fenti ya yi dabbare-dabbare. Da hunturu kuma ƙura tana shiga ƙarƙashin rigar, iska na kaɗa ta tana goga fenti kamar sanfefa, saboda haka a ɗaure ta tamau ta ƙarƙashi, kuma kada a taɓa sa riga a kan mota mai datti.

Kwashe takardun motar ka shigar da su gida, ka duba ranar da lasisin mota da inshora da takardar ingancin hawa hanya za su ƙare, tunda shekara-shekara ake sabunta su. Ɗauki hoton lambar tafiyar da ke dashbod da na ma'aunin mai. Ba zargi ba ne, yana kawar da zargi ne.

Wanda za ka bar wa makulli

Ga inda na yi babban kuskurena. Al'adarmu ita ce a ce wa yaro ya riƙa ɗumama mota kullum da safe. Tayar da inji na minti 5 a tsaye ya fi barin sa a kashe illa. Kowane tashi yana zuƙar wuta mai yawa daga batir, kuma minti 5 a tsaye ba ya mayar da ita. Ƙonewar fetur tana fitar da tururin ruwa, wanda in inji bai yi zafi sosai ba yake kwanciya a cikin salansa da baƙin mai. Ɗigon ruwan nan da kake gani a bakin salansa da safe, shi ne. Kullum ana ƙara shi, ba a taɓa ƙone shi ba. Taya ba ta juya ba, birki bai motsa ba, giya ba ta shiga ba. Ɗumin da inji ya ɗan yi kuma ya ƙara wa ɓera daɗin wurin.

Saboda haka zaɓi ɗaya cikin biyu, kada ka tsaya a tsakiya. Ko dai ka kwantar da ita gaba ɗaya yadda na bayyana, kowa ya bar ta, sai dai leƙawa. Ko kuma ka samu mutum mai hankali, mai lasisi, wanda zai fita da ita duk bayan sati 2 ya yi tafiyar minti 30 a buɗaɗɗiyar hanya, ya kunna esi na minti 10 don robobinta kada su bushe gas ya tsere, ya taka birki, ya dawo ya ajiye. In ka zaɓi wannan, to ba a cire batir, ba a toshe salansa, kuma takardu su kasance da rai. Ka gaya masa a fili: «Yaya, don Allah in ba za a samu fita da ita ba, a bar ta kawai, kada a tayar.» Kuma ko da wasa kada a tayar da mota a cikin rufaffen gareji, hayaƙinta irin na janareta ne, ba ya wari sosai amma yana kisa.

Mai leƙawar aikinsa kaɗan ne: duk sati ya duba ko taya ta sauka, ya share ganyen da ya taru a ƙasan gilashi, ya ɗaga bonet ya duba kashin ɓera, bayan ruwan sama mai ƙarfi ya taɓa kafet.

Ranar da ka dawo

Kada ɗoki ya sa ka murɗa makulli kai tsaye. Fara da takardar da ka manna a sitiyari, ka cire duk abin da ka toshe. Leƙa ƙarƙashin motar ka ga ko wani abu ya ɗiga, ka share busasshiyar ciyawa idan ta taru, domin salansa mai zafi tana iya kunna ta. Ɗaga bonet da sanda a hannu, ka bubbuga kafin ka sa hannu a lungu. Duba wayoyi da fambel da tiyoyin ruwa, buɗe akwatin filtar iska, in hunturu ya ratsa ka kakkaɓe ta ko ka canza. Zaro sandar baƙin mai, duba ruwan lagireto da man birki. Buɗe murfin tanki ka shinshina, in warin tsohon fenti ka ji, kira bakanike ya zuƙe.

Mayar da batir, jan kai tukuna, sannan baƙin. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka jira daƙiƙa 5 ka ji kukan famfon mai, ka kashe, ka maimaita sau 3. Sannan ka tayar. Kada ka taka totur. Fitilar mai ta kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, in ta ƙi, kashe nan take. Bar ta ta yi aiki a hankali kana saurare, in jijjigarta ta ɗan canza a farko ba komai, ƙwaƙwalwar tana sake koyon zamanta ne bayan rashin wuta.

Ƙurar da ke kan gilashi da fenti a zuba mata ruwa da yawa, kada a goge ta a bushe, kada kuma a kunna waifa a kanta. Mayar da iskar taya daidai da takardar ƙofa, cire weji, taka birki sau da yawa tun kana tsaye ka ji ya yi tauri. Fita a hankali cikin unguwa. Za ka ji birki na ɗan gurzawa saboda tsatsar da ta hau faranti, yakan washe bayan taku kaɗan. Rawar taya ma takan tafi bayan kilomita 20 zuwa 30 idan ta ɗumama. Wadda ba ta tafi ba, ko birkin da ke jan mota gefe guda, a wuce da shi gareji a ranar, kafin a ɗauki iyali ko a hau babbar hanya.